Darasi na Tara: Yini Guda a Birnin Shehu

Mutum na iya shekara talatin yana shigowa Sakkwato sayar da albasa ko ganin likita, bai taɓa sanin garin ba. Daga tasha sai kasuwa, daga kasuwa sai tasha. A wannan darasi za mu koyi yadda ake tsara ziyarar yini guda, a karanta alluna da ido, a yi lissafin kuɗi da hannu.

Tun da dare ka ɗauki takarda ka rubuta wuraren da za ka, ɗaya bayan ɗaya: Hubbaren Shehu, Fadar Sarkin Musulmi, Gidan Tarihi na Waziri Junaidu, kasuwa. Huɗu sun isa. Wanda ya ce zai ga komai a yini ɗaya, gajiya kawai zai kwasa. Ka yi sammako, domin ranar Sakkwato ba ta wasa, musamman a bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Ka riƙe goran ruwa da 'yan canji. Kafin ka hau kabu-kabu ko keke Napep, ku yi ciniki tukuna.

A fara da Hubbare. Nan ne gidan Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, kuma nan aka binne shi. An haife shi a 1754. A 1804 ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, ya rasu a Sakkwato a 1817. Ɗansa Muhammadu Bello ne ya kafa garin a 1809. Mutane da yawa suna zaton kabarin Bello yana nan wurin, alhali yana Wurno, inda ya rasu a 1837.

Ana cire takalmi kafin a shiga. Ƙasa tana da sanyi da safe, amma da hantsi ya ɗaga sai ka ga baƙo yana ɗage ƙafa ɗaya bayan ɗaya yana neman inuwa. Shi ya sa muka ce a yi sammako. Ka gaida dattawan da ke kula da wurin, da harshe mai laushi:

"Salamu alaikum. Ina kwana, Baba?"

"Lahiya lau, ɗana. Daga wane gari kuka hito?"

"Daga Gwadabawa, Baba. Ziyara muka zo. Ko za a nuna muna wurin Shehu?"

"Bismilla. Ku aje takalmanku nan."

Kada ka ɗaga murya, kada ka ɗauki hoto sai ka nemi izini. Ka yi wa mamatan addu'a, ka ba wasu wuri.

Mata 'yan aji, ku saurara da kyau. A Hubbaren nan Nana Asma'u 'yar Shehu take kwance. Ta rasu a 1864. Ita ce ta tsara 'yan taru: tana koyar da manyan mata da ake kira jaji, ta ba su malfa, su koma ƙauyuka su koyar da wasu matan ta hanyar waƙoƙi. Wato karatun manya irin wanda kuke yi yau ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Duk wanda ya ce miki kin tsufa da riƙe alli, ki ba shi labarin jaji.

Daga nan sai Kanwuri, inda fada take, da Masallacin Sarkin Musulmi Bello kusa da ita. Sarkin Musulmi na yanzu, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar, shi ne na 20, ya hau gado a 2006. Ba a kutsawa fada kai tsaye. Ka tambayi dogarai inda baƙo zai iya tsayawa. Ranar Juma'a wurin yana da kyan kallo, sai dai cunkoso.

Gidan Tarihi na Waziri Junaidu ma'aikatar gwamnati ce, saboda haka a je ranar aiki. Akwai tsofaffin littattafai da aka rubuta da hannu, da wasiƙu, da kayan yaƙi. Kada ka yi sauri. Ka tsaya gaban abu ɗaya, ka haɗa baƙaƙen da ke jikin takardar bayaninsa har ka karanta da kanka. Ka tambayi ma'aikacin labarin Giginya, inda aka gwabza da Turawa a Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya bar garin.

Bayan Azahar a sha fura da nono, a huta. Da La'asar a leƙa wurin dukawa. Fatar jan akuyar Sakkwato ta yi suna har ƙasashen waje, kuma ƙaramin alabe ya isa tsaraba. Ka koma tasha kafin Magariba, kada dare ya same ka a hanya.

Aikin gida

1. Shehu ya rayu daga 1754 zuwa 1817. Shekara nawa ke nan?

2. A ce ka fito da ₦10,000. Mota zuwa da dawowa ₦4,000, kabu-kabu ₦1,500, abinci ₦1,200. Nawa ya rage na tsaraba?

3. Ga sunayen ƙofofi huɗu na birnin: Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Kware, Ƙofar Atiku. Kwafe su a littafinka. Lura da lanƙwasar da ke kan harafin Ƙ. Idan ka bar ta, ka rubuta wani harafi daban.