Darasi na Shida: Gyaran Siffar da Aka Zuba da Filasta

Filastar da ake zuba mutum-mutumi da furannin silin da ita, wadda magina ke kira POP, daga dutsen jifsam ake samun ta, bayan an gasa shi a zafin da ya kai kimanin digiri 150 har yawancin ruwan jikinsa ya fita. Shi ya sa da zarar ta haɗu da ruwa sai ta ɗumama, ta daskare cikin minti 20 zuwa 30.

Da wuya siffa ta fito daga mazubi, wato abin da ake zuba kwaɓin filastar a ciki domin ya ba ta siffa, ba tare da aibi ba. Akan ga siririn tudu a inda ɓangarorin mazubin suka haɗu, kuma a kankare shi da wuƙa tun siffar tana da danshi, domin a lokacin ba ta gardama.

Cikon ramukan da iska ta bari shi ne inda masu koyo suka fi yin ɓarna. Busasshiyar filasta ƙishirwa gare ta, saboda haka idan aka ɗora mata sabon kwaɓi sai ta tsotse ruwansa nan take, cikon ya yi gari ya zube. Dole ne a fara faɗaɗa bakin ramin kaɗan, a karce cikinsa, sannan a jiƙa wurin da soso har ya daina shan ruwa. Wajen kwaɓi kuwa, garin ake barbaɗawa cikin ruwa, ba ruwan ake zubawa a kan gari ba, kuma a kwaɓa kaɗan-kaɗan, domin wanda ya fara daskarewa ba ya gyaruwa da ƙarin ruwa. A bar cikon ya ɗan yi tozo, daga baya a rage shi.

Idan hannu ko kunne ne ya karye, a huda ɓangarorin biyu a sa wayar tagulla a tsakaninsu. Kada a sa ƙusa, domin tsatsarta takan ɓullo waje ta ɓata farin. Babban tsagu kuma a tallafe shi ta baya da ƙyallen buhun algarara da aka tsoma cikin kwaɓi.

Ba a goga sanfefa sai siffa ta bushe sarai, wato ta daina sanyi a tafin hannu, kuma mai gugar ya rufe hancinsa saboda ƙura. Bayan an kakkaɓe ta da burushi, a shafa mata siririn banish sau biyu kafin a yi mata fenti domin ya toshe ƙofofinta, in ba haka ba za ta shanye fentin ta fito dabbare-dabbare.