Wayar bashi: kurakuran da ke jefa matasa cikin wahala

A kasuwannin waya irin su Farm Centre a Kano, yanzu matashi kan ajiye kafin alƙalami ya tafi da sabuwar waya, sauran kuɗin ya riƙa biya kullum, ko duk mako, ko duk wata. Tsarin yana da amfani ga wanda waya ce jarinsa. Abin da ke damuna shi ne yadda yara ke sa hannu ba su yi lissafi ba.

Babban kuskuren shi ne kallon kuɗin kullum a manta da jimla. A ɗauki misali: waya ce ta naira 150,000 kuɗi hannu, an ce ka ba da 40,000, sannan 600 kullum har shekara. Ɗari shida ba ta tsorata kowa. Amma a kwana 365 ta zama 219,000, ka haɗa da kafin alƙalami, ka biya 259,000 ke nan. A wata guda kuwa 18,000 ce, fiye da rubu'in mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka amince da shi a 2024. Gyaran ba wuya: kafin ka taɓa biro, ka ce wa mai shago, "Alhaji, nawa zan biya gaba ɗaya?" Ya rubuta maka, ka je shagon gaba ka ji farashin kuɗi hannu, ka kwatanta.

Sai mantawa da cewa waya tana ci. A Janairun 2025 hukumar kula da harkokin sadarwa, NCC, ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100. Wanda ya ƙure aljihunsa a biyan bashi zai zauna da babbar waya ba data.

Wasu kuma kan dogara da kuɗin da bai zo ba: aikin da aka yi musu alkawari, ko yaya da ya ce zai riƙa turowa. Yawancin wayoyin nan akwai manhajar da ke kulle su da zarar an saɓa ranar biya. Idan da wayar kake sana'a, ranar da aka kulle ta ciniki ya tsaya, bashin kuma yana nan. Haka idan aka ƙwace ta a hanya ko ta faɗa ruwa, sai dai in takardar ta ambaci inshora. Ka tambaya tun farko. Ka tambayi batun tarar jinkiri ma, domin malamai da yawa sun halatta ƙarin farashi a cinikin bashi in an yanke shi tun ranar ciniki, amma ƙarin da ke hawa saboda latti, nan ne maganar riba take shigowa.

Kada ka ba aboki BVN ko NIN ɗinka ya karɓi waya. A takarda kai ne mai bashin, kuma in ya gaza, sunanka ne zai iya shiga kundin masu taurin bashi, ya hana ka lamunin banki nan gaba.

Ga wanda ya riga ya shiga kuma numfashi ya fara ɗaukewa, kada ka ci bashin manhajojin lamuni don ka biya wannan, kada ka kai wa mai gyara ya fasa makullin, kada kuma ka sayar wa wani ita da bashi a kanta, don shi za a kulle wa. Ka je wurin waɗanda suka ba ka wayar da takardunka tun kafin ranar biya ta wuce, ka nemi a sassauta maka ko a faɗa maka sharaɗin mayarwa. Ka kuma gaya wa Baba ko yayanka da wuri. In an yi maka barazana ko an tozarta ka wurin mutanen da ke cikin wayarka, hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, tana karɓar irin wannan ƙorafi.

Wanda bai shiga ba tukuna, waccan 18,000 in yana zuba ta a adashi duk wata, a wata tara ya haura kuɗin wayar.