Yadda za ka gwada keken kwance a gangara

Keken kwance shi ne wanda ake tuƙawa a kishingiɗe, ƙafafu a miƙe gaba. Da farko duba birki da iskar taya, sannan ka ɗaura ƴar tuta a baya, don keken nan yana ƙasa sosai, ƴan kabu-kabu ba lallai su hango ka ba. Fita da sassafe kafin ranar Sakkwato ta buɗe, nemi gangara mai kwalta wadda ba yashi. Zuwan farko tafi a hankali kana taɓa birki. Na biyu sake shi ya tafi da kanshi, GPS ɗin waya na auna gudu, wallahi za ka sha mamaki don iska ba ta tare ƙirjinka kamar a keken da muka saba. Rage gudu tun kafin kwana, kar ka damƙe sitiyari da ƙarfi, jingina bayanka sosai. In gaban keken ya fara rawa, ja birki biyun a hankali ka tsaya.