Kurakuran da Aka Fi Yi a Aikin Katako Bayan An Ɗora Rufi

Da zarar kafinta ya gama ɗaure katakon rufi an buga kwano, sai hankalin mai gida ya kwanta, ya ce ai saura 'yan ƙananan abubuwa. A daidai nan ne kuwa aka fi yin ɓarna, domin aljihu ya yi sanyi, shi kuma kafinta hankalinsa ya riga ya koma wani aikin.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne rufe silin ba tare da an hau an duba ba. Ɗauki tocila ka hau da kanka. Dubi katakon da ya kwanta a kan bango: an ɗaure shi da langa-langa ko rodin da aka bari a cikin kankare, ko kuwa ajiye shi kawai aka yi? Iskar farkon damina ba ta wasa, ta ƙarƙashi take shiga ta ɗaga rufi ɗungurungum. Duk mahaɗar da ka ga ƙusa ɗaya ce ke riƙe da ita, ko ƙusar ta tsaga katakon, a ƙara mata guntun katako a gefe a sake bugawa. Bayan an rufe silin, wannan gyaran na rabin yini sai ya koma na ɓalle-ɓalle.

Sai maganar gara. Da yawa suna shafa magani tun katako yana ƙasa, sannan a sa zarto a yanka, bakin yankan ya tafi sama fari fat. Ta nan danshi ya fi shiga, nan ɗin kuma ya fi buƙatar magani. A bi kowane yanka da buroshi. Baƙin mai da ake karɓowa wurin makanikai yana da araha, amma bai kai maganin katako irin Solignum ba, kuma fenti ba ya kama inda aka shafa shi.

Ɗanyen katako ma yana cutar mutane ƙwarai. Yawancin wanda ake saukewa a kasuwanni irin 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano daga kudu yake zuwa, wani da ruwansa. Katako idan yana bushewa ta faɗi yake tsukewa, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Shi ya sa ƙofar da aka haɗa da ɗanye a watan Agusta za ka ga haske yana ratsa ta a Janairu, wadda kuma aka matse cif a hunturu ta ƙi rufuwa da damina. Katakon ƙofa da na firam a jera shi a inuwa, a sa 'yan sanduna a tsakani iska ta ratsa, ya yi makonni kafin a taɓa shi. Wajen sa ƙofar a bar ratar kamar milimita 3 a gefuna da sama. Ƙofa mai nauyi hinji 3 take so, kuma a murɗa sukuru, kada a buga shi da guduma kamar ƙusa.

Wajen katakon silin, kada a yarda da awon ido. A fitar da layi da tiyon ruwa na awon daidaito a zagaye ɗakin, a ja igiya, a jera katakon 2 bai 2 (faɗi inci 2, kauri inci 2) a tazarar da ba ta wuce santimita 60 ba, in ba haka ba silin zai yi ciki. Mai wayarin ya gama nasa tukuna, a kuma bar ƙofar hawa.

Allon da ke rufe bakin rufi ta waje, a yi masa fenti gaba da baya da bakin yanka kafin a buga, kwano kuma ya ɗan zarce shi don ruwa ya zuba ƙasa. Sannan a toshe ratar da ke tsakanin bango da kwano. Kafar da yatsa zai shiga ta ishi jemage, kuma wanda ya taɓa kwana a ɗakin da kashinsu ya taru a silin ya san warin ba ya fita da turare. Inda ake son iska ta shiga, a buga raga mai ƙananan idanu.

Tun ranar ciniki ka gaya wa kafinta, "Malam, cikon kuɗin sai mun zagaya tare." Ranar zagayen ku buɗe kowace ƙofa ku rufe, ku hau saman silin da rana tsaka, duk inda haske ya ɓullo ta kwano a toshe shi kafin a sauke tsani.