Yadda ake kafa karatun Attaura da zai bi Bayahude har tsufa

Yawancin masu watsar da karatu ba lalaci ne ke kayar da su ba. Ɗaukar dala ba gammo suke yi: mutum ya tashi da zafinsa bayan Rosh Hashana, sabuwar shekarar Yahudawa, ya ce kullum zai yi sa'a biyu, kafin wata ya ƙare littafin ya koma kan kanta. Abin da shari'ar Yahudanci ta nema tun farko shi ne tsayayyen lokaci. Musa bin Maimun, wanda ake kira Rambam kuma ya rasu a Masar a 1204, ya rubuta cewa karatun Attaura ya hau kan mawadaci da matalauci, mai lafiya da majinyaci, yaro da tsoho, kuma kowa ya keɓe masa lokaci da rana da kuma dare har ranar mutuwarsa. A cikin Pirkei Abot, littafin hikimomin malaman farko, malami Hillel ya yi gargaɗin kada mutum ya ce sai ya samu sarari zai yi karatu, domin wataƙila sararin ba zai zo ba.

Saboda haka ka fara da yanke lokaci kafin ka zaɓi littafi. Minti 15 zuwa 20 da safe, minti 10 da dare, sun isa a shekarar farko. Ka ɗaura su a jikin abin da ba ya motsi: bayan addu'ar safe, wato Shaharit, ko tsakanin addu'ar yamma da ta dare, wato Minha da Ma'arib, inda majami'u da yawa ke yin gajeren darasi. Lokacin da aka bari yana yawo, yau da hantsi gobe bayan cin abinci, shi ne ke fara ɓacewa. Da safe kuma a karanta albarkun Attaura kafin a buɗe littafi, kuma karanta su sau ɗaya ya isa ga duk karatun da mutum zai yi a yinin.

Tushen farko shi ne karatun mako. An raba littattafan Attaura biyar zuwa kashi 54, kowanne ana kiransa parasha, ana karanta su a majami'a ranar Shabat, wato Asabar, har a sauke a bikin Simhat Tora. Kowace parasha tana da yanki bakwai, don haka hanya mafi sauƙi ita ce yanki ɗaya kowace rana daga Lahadi. Tsohuwar ƙa'idar Talmud, babban kundin muhawarar malaman Yahudawa, ita ce a karanta nassin sau biyu da Ibrananci, sau ɗaya a fassarar Onkelos ta Aramanci, kuma malamai da dama sun yarda sharhin Rashi, malamin Faransa da ya rasu a 1105, ya tsaya a madadin fassarar. Ka lura da kalanda: a wasu makonni ana haɗa parasha biyu, sai aikin ya ninka, kuma nan ne mutane ke fara cin bashin karatu. Wanda Ibranancinsa bai nuna ba ya ajiye fassara a gefe, amma ya daure ya furta nassin da bakinsa, ko da aya biyar ne. Karatun da ido kaɗai ya yi ba ya zama a kai.

Bayan wata shida ko shekara, sai a ƙara Mishna, tarin dokokin Yahudanci na baka. Tana da manyan sassa 6 da littattafai 63, Rabbi Yehuda HaNasi ne ya tattara ta wajen shekara ta 200. Mishna biyu a rana na kai mutum ƙarshe cikin kimanin shekara shida. Mu a ganinmu nan ya kamata kowa ya daɗe, domin Talmud sharhi ne a kan Mishna, kuma wanda bai san tambayar ba ba zai gane gardamar da ake yi a kanta ba.

Daf Yomi shi ne tsarin da ya fi suna, shi ne kuma ya fi yaudarar sabon shiga. Rabbi Meir Shapiro ya gabatar da shi a birnin Biyana na Ostiriya a 1923: warƙa ɗaya ta Talmud na Babila kowace rana, gaba da baya, warƙa 2,711, a sauke cikin kimanin shekara bakwai da wata biyar. An yi saukar da ta gabata a Janairun 2020. Daɗinsa shi ne duk inda ka je a duniya za ka tarar ana kan warƙa ɗaya da kai. Wahalarsa kuwa, ba ya jiran kowa. Darasi ɗaya kan ci minti 45 zuwa sa'a guda, kuma idan zazzaɓi ya kwantar da kai kwana huɗu, warƙa huɗu na jiranka ban da ta yau. Idan haka ta faru, ka koma inda jama'a suke, ka rubuta lambobin da ka tsallake a takarda, ka biya su a hankali. Masu cewa sai sun cike giɓin kafin su ci gaba, su ne galibi ba sa dawowa.

Kada ka yi karatun kai kaɗai. Habruta, wato abokin karatu, shi ne ƙashin bayan wannan al'ada. Ku zauna fuska da fuska, ɗaya ya karanta layi da ƙarfi ya fassara, ɗayan ya tsayar da shi: wa ke magana a nan, tambaya ce ko amsa, me ya sa aka kawo wannan aya? Shafin Talmud na gargajiya ba shi da wasula, kusan ba shi da alamun tsayawa, sai ka ga mutum ya karanta tambaya a matsayin hukunci bai sani ba. Abokin ne zai kama wannan. Ka nemi wanda ke zuwa a kan lokaci, ya fi maka mai kaifin ƙwaƙwalwar da ba a ganinsa.

Bita ma a ba ta rabonta, kamar kashi ɗaya cikin huɗu na lokacin. Talmud ya ce wanda ya maimaita karatunsa sau 100 bai kai wanda ya maimaita sau 101 ba. Shabat ta dace da bitar mako, sai dai mai kiyaye ta ba ya rubutu kuma ba ya taɓa waya, don haka a tanadi littafin takarda tun ranar Juma'a kafin kunna kyandir. A ranar Tisha Be'Ab, azumin tunawa da rushewar Haikali, da kwana bakwai na makokin mamaci ana dakatar da karatun yau da kullum. Wannan umarni ne, kada ka ƙirga shi a matsayin faɗuwa.

Karatun ya kamata ya sauko cikin aiki. Ka ƙara hukunci ɗaya ko biyu na halaka, wato shari'ar Yahudanci, a kullum, kuma kwana 30 kafin Pesah, wato Idin Ƙetarewa, ka koma kan dokokinsa, kamar yadda aka saba. A nan akwai kuskuren da ke yawan faruwa. Shulhan Aruk, littafin hukunce-hukunce na Rabbi Yosef Karo, wanda aka buga a birnin Benis na Italiya a 1565, ya bi al'adar Safardawa, Yahudawan da asalinsu Sifen ne, bayanan Rabbi Moshe Isserles na Krakow kuma su ne na Ashkenazawa, Yahudawan tsakiya da gabashin Turai. Mutum kan ɗauki hukuncin da ba na jama'arsa ba daga intanet ya rikita gidansa. Tambayar da ta shafi kicin ɗinka ko aurenka, rabbin da ya san ka za ka kai wa.

Gyaran hali kuma yana da nasa tsari a makarantar Musar, wadda Rabbi Yisrael Salanter ya assasa a Lituweniya a ƙarni na 19. Hanyar da almajiranta suka yaɗa ita ce a zaɓi halaye 13, irin su haƙuri, gaskiya, tsari da kame baki. Kowane hali a ba shi mako guda, da dare a rubuta a wani littafi sau nawa aka zame a kansa. Mako 13 sau huɗu ya ba ka 52, ke nan kowane hali zai dawo gabanka sau huɗu a shekara, kuma idan watan Elul ya kama, kafin Rosh Hashana, littafin nan ne za ka buɗe ka ga inda lambobin suka ragu da inda suka ƙi motsi.