Yadda tsohuwar laftof ɗina ta dawo aiki da antiX

Alhamdu lillahi, ƙaramar laftof ɗin da nake buga takardun shago da ita a Tudun Wada, Gombe, ta farfaɗo bayan na sa mata antiX, wani nau'in Linux mara nauyi da ake sawa a madadin Windows. RAM ɗinta 1GB ne, a da tana kan Windows 7, wanda aka daina yi wa sabuntawa tun Janairun 2020. Da ka buɗe burauza sai ta daskare.

An ce bairos ne, na wanke, shiru. Na sa Lubuntu sabon fitowa, wani nau'in Linux ɗin, a filashi, ya ƙi tashi. Ashe furosesarta Atom N270 ce, 32-bit kaɗai take ɗauka, Lubuntu kuwa ya bar 32-bit tuni.

Sai na sauko da antiX 23 na 32-bit, wanda aka gina kan Linux ɗin Debian 12. Na zuba shi a filashi da manhajar Rufus 3.22, don na bayansa ba sa aiki a Windows 7, na zaɓi MBR, tsarin rabon diski na tsofaffin kwamfutoci. Wajen kunnawa na danna F2 na shiga saitin kwamfutar, na sa filashi a sahun farko don ta tashi daga shi. Da aka zo rabon diski na ware 2GB na swap, wato wurin da ke taimaka wa RAM idan ya cika. Kada ka tsallake wannan.

Yanzu LibreOffice, manhajar buga takardu, na buɗewa lafiya lau. Bidiyon YouTube dai sai an rage ingancin hotonsa zuwa 360p. Na gode wa ƙanena da ya ara mini data.