Masu haɗa keken tsere: kada ku yi saurin yanke bututun fok

Idan kana haɗa keken tsere da kanka, bar bututun fok (ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba) da tsawonsa tukuna. Jera zobban daidaita tsayi a jikin bututun, ƙasa da saman wuyan da ke riƙe kan keken, ka ɗaure, ka hau titi.

Dalili kuwa, tsayin da ya yi maka daɗi a cikin ɗaki ba lallai ya yi maka daɗi ba bayan doguwar tafiya. Bayanka da wuyanka su ne za su gaya maka gaskiya. Ka riƙa sauya zobe ɗaya na milimita 5, sama ko ƙasa, har ka samu inda jikinka ya zauna. Sannan ka yanke. Bututun kabon (abu mai ƙarfi mara nauyi da ake yin fok da shi) in an yanke shi an gama, ba a yi masa walda, sai dai sabon fok, kuma kuɗinsa ba wasa ba ne.

Amma a kula. Yawancin kamfanoni ba sa yarda zobban ƙasa su wuce milimita 30 zuwa 40, duba takardar naka. Toshen da ke cikin bututun dole ya kai daidai inda wuyan ke matsewa, in ba haka ba kabon na iya tsagewa. Ƙusoshin wuyan ma kada ka ɗaure da ƙarfin tuwo, bi adadin da aka rubuta a jikinsa, galibi 5 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri).

In wayoyin birki ta cikin wuyan suka bi, dabarar za ta wahalar da kai, sai ka nemi zobba masu buɗewa gida biyu.